Daga Masallacin Juma'a zuwa Ɗakin Karatu: Tarihi da Tsarin Ginin Laburaren Dandaji a Jamhuriyar Nijar

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ɗakin karatun jama'a na garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, wanda aka kammala a 2018 cikin ginin tsohon masallacin Juma'ar garin. Ta bi salsalar ginin daga hannun magini Alhaji Falke Barmu, ta bayyana yadda aka gyara shi aka mayar da shi wurin karatu, sannan ta tsaya a kan batutuwa biyu da masu yabon aikin suka saba tsallakewa, wato hukuncin sauya wa masallaci aiki da kuma abin da zai riƙe laburaren bayan magina sun kwashe kayansu. Ra'ayin takardar shi ne ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da masu shiga da fita kullum, don haka makomar wannan gini tana hannun masu karatu.

Gabatarwa



Littafi ya daɗe a ƙasar Hausa, amma ɗakin karatun da kowa zai shiga ba tare da neman izinin mai gida ba baƙo ne. A da littafi yana gidan malami, cikin gafaka ko adaka, kuma hanyar isa gare shi ita ce zama a gaban mai shi. Manyan taskoki irin ta Waziri Junaidu a Sakkwato na gida ne, ana gadonsu kamar yadda ake gadon gona. Laburaren jama'a ya shigo ne ta hannun hukuma. A Arewacin Nijeriya ya fara da ɗakunan karatu na En'e a shekarun 1940, sannan taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 kan laburaren jama'a a Afirka ya ƙara wa gwamnatocin yankuna ƙaimi. A Nijar kuwa cibiyoyin al'adu na Faransa da ƙananan cibiyoyin karatu da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta tallafa wa su ne suka fi ɗaukar wannan nauyi. Ta kowane ɓangaren iyaka, siffar kusan ɗaya ce: ginin siminti da rufin kwano, kusa da ofisoshin gwamnati, nesa da inda jama'a ke taruwa da kansu. Talaka yakan wuce ta gabansa yana ɗaukarsa ofis ne, ya kuwa yi gaskiya.

Dandaji ta bi wata hanya dabam, shi ya sa na ga ta cancanci a tsaya a kanta. Gari ne na Hausawa mai mutane kimanin 3,000, galibinsu yara da matasa, a ƙasar da waɗanda suka iya karatun boko cikin manya ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Makarantar sakandaren garin tana karɓar yara daga ƙauyuka biyar na kewaye. A irin wannan wuri ne aka ɗauki ginin da ya fi kowane daraja a idon mutanen gari aka zuba masa kantocin littattafai.

Maginin da aikinsa

Tarihin laburaren yana farawa da Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini daga Yama a ƙasar Adar. A 1962 mutanen Yama suka ɗora masa aikin gina masallacin Juma'arsu. Ya fara da gini mai kusurwa huɗu marar ado, rufinsa bisa ginshiƙai. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakuna, ya yi masa tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Duk aikin na gayya ne: wani ya kawo ƙasa, wani ruwa, wani itace, wani hatsi. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine, sunan wannan magini na karkara ya shiga littattafan da ake koyarwa da su a jami'o'in duniya. Tsohon masallacin Dandaji shi ma aikin hannunsa ne.

Ya kamata a tuna abin da ginin ƙasa irin na Hausa yake nufi, domin duk abin da aka yi daga baya a Dandaji a kansa ya rataya. Magini yana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a mulmula tubali a shanya. Bango yakan fara da kauri sosai daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Matsalar da ta fi ba magini wahala ita ce rufi. Azarar da ake tsagawa daga giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahun ɗaruruwan masallata? Amsar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Ana kafa azara cikin bango ko ginshiƙi, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a lulluɓe da laka a bari ta bushe, sannan a ƙara wata, daki-daki daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa ta zauna. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin irin wannan rufi zai ga haƙarƙarin bakunan sun taso daga ginshiƙai sun bazu, da shatin yatsun mai yaɓe a jikinsu. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Sai dai wannan gini yana da sharaɗi. Kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa. Dole a duba indararo kafin ruwan farko, a toshe tsaguwar rufi, a sake yaɓe, a shafa makuba ko laso inda ake da hali. Gini ne da ke neman hannu duk shekara, kuma hannun ba ya zuwa sai idan akwai masu buƙatar ginin. Ranar da jama'a suka daina shiga, daga ranar ya fara komawa ƙasar da aka ɗebo shi.

Abin da ya kusa faruwa a Dandaji ke nan. Garin ya ƙaru, masallacin ya yi kaɗan, jikinsa ya zaizaye, aka fara shawarar rushe shi a yi na siminti a gurbinsa. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinmu. A Kano an maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da wanda aka buɗe a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A Zariya ginin kankare na shekarun 1970 ya lulluɓe abin da ya rage na aikin Babban Gwani, har ta kai mai son ganin cikakkiyar siffarsa sai ya je Jos ya kalli kwaikwayonsa a gidan adana gine-ginen gargajiya. Ba na zargin waɗanda suka yanke irin wannan shawara. Mutumin da rufi ke yoyo a kansa yana sallah ba zai saurari lacca kan kayan tarihi ba.

Yadda aka gyara

Masu zanen gini biyu ne suka ɗauki aikin: Maryam Isufu Kamara, 'yar Nijar, wadda ta fara da ilimin kwamfuta kafin ta koma karatun zanen gini a Jami'ar Washinton ta Amurka, ta kuma kafa ofishinta a Yamai, da abokiyar aikinta Yasaman Isma'ili, 'yar Iran. Shawarar da suka kawo ita ce a bar tsohon gini a tsaye a mayar da shi laburare, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kimanin 1,000 a gefensa. Suka raɗa wa harabar suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma ta Bagadaza wadda ta bunƙasa a zamanin Halifa Ma'amun, tsakanin 813 da 833.

Mataki na farko, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne kiran maginan da suka yi aikin ginin tun asali su shigo cikin masu gyara. Ginin ƙasa ba shi da taswira a takarda. Inda aka binne itace, inda bango ya fi rauni, ramin da aka ɗebo ƙasar, duk suna cikin kan waɗanda suka taka lakar. Injiniyan da ya zo daga birni da guduma zai iya karya baka bai san ya karya ba. Su kuma maginan sun ƙaru da dabarun gauraya laka da abubuwan da ke ƙara mata juriya da hanyoyin kare bango daga zaizayar ruwa. An sake gina sassan da suka lalace, aka sabunta yaɓe, siffar waje ta koma yadda mutanen gari suka san ta.

A ciki ne aka yi sauyin gaske. Zauren masallaci fili ne guda mai ginshiƙai a jere, an tsara shi don sahu, kowa na fuskantar alƙibla. Laburare kuwa yana son lunguna: inda mutum ɗaya zai zauna shiru, inda yara biyar za su haɗa kai a kan darasi, inda za a ajiye kwamfutoci. Maimakon a yanka zauren da sababbin bangaye, sai aka bar ginshiƙai da bakuna yadda suke, aka shigo da ƙarfe aka yi kantoci da shamakai da matakala da wani ɗan bene a cikin tsayin zauren. An zaɓi ƙarfe ne saboda itacen gini ya yi ƙaranci a yankin, giginyar da ake samun azara ba ta kai yawan da ba. Akwai kuma wata fa'ida da wannan zaɓi ya haifar. Ido yana rarrabe tsohon aiki da sabo nan take, ba a yi wa Alhaji Falke ƙarya ba, ba a jingina masa abin da bai gina ba. Kuma ɗan benen ya kai mai karatu kusa da rufi, wurin da a da magini kaɗai ke isa. Yaron da ya hau da littafinsa zai zauna dab da bakan gizo, ya ga yadda aka ɗaura shi.

Ban da kantocin littattafai da ɗakin kwamfuta, an ƙara ɗakunan koyon karatu na manya da koyon lissafin kuɗi da sana'o'i, bayan an zauna da ƙungiyoyin matan garin an ji buƙatunsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da ginin yake masallaci mata ba sa shigarsa, a gida suke sallah. Rabin mutanen garin sun rayu kusa da ginin da ya fi kowane kyau a garinsu ba su san cikinsa ba, sai da ya zama laburare.

Sabon masallaci da filin da ke tsakani

Ba za a fahimci laburaren ba sai an dubi maƙwabcinsa. An gina sabon masallacin da bulon jar ƙasa wanda ake matsawa da inji. Ana tankaɗe ƙasar, a ɗan jiƙa ta, a zuba a ma'auni, a danne da ƙarfi, bulo ya fito da kaifin kusurwa kamar na siminti, ba tare da an gasa shi ba. Yawancin kayan aikin daga cikin tazarar kilomita 5 da wurin aka samo su, kankare kuwa an taƙaita shi ga ginshiƙai da linta da makamantansu. Kaurin bango yana shanye zafin rana ya sake shi da dare, dogayen ƙofofi da tagogi suna barin iska ta ratsa, don haka ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Duk wanda ya taɓa yin sallar Azahar a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano ya san darajar wannan. An kuma shuka itatuwa a harabar, ana ba su ruwa ta bututun ɗigo daga tankin ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina.

Hikimar tsarin tana cikin filin da ya haɗa ginin biyu. Sau biyar a yini ladan yana tara mutane a wannan haraba, ranar Juma'a da ranakun Idi kuma har da na ƙauyuka. Laburaren bai buƙaci talla ba, tunda yana kan hanyar da ƙafa ta riga ta saba bi. Ɗalibi zai fito daga karatu ya yi alwala ya bi jam'i ya koma. Uban da zai yi ɗari-ɗari da barin 'yarsa ta je wani ofishi a bayan gari ba zai ji komai ba idan ta ce tana harabar masallaci. Haɗa masallaci da taskar littattafai kuma tsohuwar al'ada ce a duniyar Musulmi: laburaren Ƙarawiyyin a Fas, wanda Sarki Abu Inan ya kafa a 1349, yana manne da masallacinsa har yau. Aikin Dandaji ya sami lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018.

Batun hukunci

Mujallun gine-gine na Turai sun yi ta yabon aikin, amma tambayar da malamin zaure zai fara yi ba ta dame su ba: ya halatta a mayar da masallaci wani abu dabam? Masallaci hubusi ne, ya fita daga mallakar kowa. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, tana da tsanani wajen sayar da hubusin ƙasa da gini ko musanya shi, ko da ya lalace. Hambaliyya sun fi sassauci idan amfanin wurin ya yanke, suna kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Halifa Umar ya sa an mayar da masallacin Kufa wani wuri, tsohon gurbin ya zama kasuwar masu dabino. Ba fatawa na zo bayarwa ba, akwai masu ita. Abin da nake so a lura da shi shi ne tsarin Dandaji ya rage kaifin matsalar ta hanyoyi biyu. Ba a bar gari babu masallaci ba, an ba shi wanda ya fi girma a haraba guda. Sannan aikin da aka ba tsohon ginin, wato neman ilimi, yana cikin abubuwan da ake yi a masallaci tun farkon Musulunci. Da shago ko ɗakin ajiyar taki aka mayar da shi, da magana ta sha bamban. Duk garin da ke son kwaikwayon Dandaji ya fara da zama da limamai da malamansa kafin ya kira mai zane, in ba haka ba zai gina laburaren da rabin gari ke ƙyamar shiga.

Abin da gini ba zai iya yi ba

Lambobin yabo na gini ne, ana ba da su lokacin da yaɓe yake sabo. Ba wanda ke ba da lambar zinariya don an biya ma'aikacin laburare albashinsa shekara goma a jere, alhali a nan ne laburarorinmu suke mutuwa. Mun san su a garuruwanmu: ƙofa a buɗe, ma'aikaci na gyangyaɗi, kantoci cike da littattafan da wata ƙasa ta yi kyauta da su don ta rage kaya, ba mai buɗa su sai ƙura.

A ginin ƙasa haɗarin ya ninka. Gara tana bin bango, kuma takarda abincinta ce. Kantocin ƙarfe sun taimaka, amma sai an riƙa janye littattafai daga jikin bango ana dubawa. Ɗigon ruwa ɗaya daga rufi a watan Agusta ya isa ya lalata kanta guda. Ƙurar hunturu tana shiga kwamfuta. Saboda haka kuɗin yaɓen shekara da na duba indararo ba ƙari ba ne a kasafin irin wannan laburare, su ne layin farko. Lokacin da ginin yake masallaci, lada ce ke fito da mutane aikin gayya. Yanzu da ya zama laburare, sai mutanen gari sun ga amfaninsa a jikin 'ya'yansu kafin su ɗauki kwando su nufi ramin ƙasa. Gyaran 2018 ya sayo wa ginin lokaci ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke kan kantocin. Harshen makarantar boko a Nijar Faransanci ne, kuma ɗalibin da ke shirin jarrabawa yana buƙatar littattafansa, babu musu. Amma matar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci, da tsohon da ya iya ajami bai taɓa zama a aji ba, da almajirin da ya sauke, su ma jama'a ne, kuma da sunansu aka ce laburaren jama'a. Abin da za su karanta yana nan: littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya da Kano, tun daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam har zuwa ƙagaggun labaran marubutan Kano da mata ke karɓa hannu da hannu, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da littattafan fiƙihu da nahawu na Larabci, da ƙasidun noma da kiwo da kiwon lafiya. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, kuma a watan ne ƙasar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ko mene ne ra'ayin mutum kan siyasar lamarin, sakamakonsa ga laburaren karkara a fili yake: ba za a ci gaba da jiran kwalayen littattafai daga waje ba, kuma buƙatar littafin Hausa za ta ƙaru. Tazarar da ke tsakanin jihar Tawa da Sakkwato ba ta kai ta hana buhun littattafai tafiya ba, tunda buhun albasa yana yin ta kullum.

Akwai kuma wani gibi da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke jami'o'i. Kusan duk abin da aka rubuta kan Alhaji Falke Barmu da kan harabar Hikma da Ingilishi da Faransanci yake. Yaron Dandaji da ke zaune a ɗan benen nan ba shi da littafi guda cikin harshensa da zai gaya masa wanda ya ɗaura bakan da ke bisa kansa, ko yadda ake ɗaura shi. Maginan da suka yi aiki da Alhaji Falke tsufa yake cim musu. Ina kira ga sassan Hausa da na zanen gine-gine na jami'o'in Yamai da Tawa da Sakkwato da Zariya su tura ɗalibai su zauna da waɗannan magina, su naɗi bayaninsu da kalmominsu na sana'a, a buga shi da boko da ajami, a kai kwafin farko Dandaji. Ina kuma roƙon hukumomin laburare na jihohinmu, kafin su sa hannu a kan kwangilar sabon ginin siminti, su zagaya garin su ƙirga tsofaffin masallatai da zaurukan ƙasa da aka kulle ana jiran damina ta kayar da su.